Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Rundunar Sojin Saman Nijeriya: Jirgin da Bai Dawo Daga Nuremberg Ba

Zuwa ga Babban Hafsan Sojin Sama, da hafsoshi da sauran dakarun rundunar.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah Ya tsare dakarunku da ke bakin daga, na rubuto ne domin in kawo gabanku maganar wani ɗan ƙasar nan da ajali ya riske shi a sararin samaniyar Jamus, shekara 20 kafin a yi dokar da ta kafa rundunarku. Sunansa Bankole Vivour, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗoriya daga wani sanannen gida na Legas, jikan William Vivour, babban manomin kokon nan na tsibirin Fernando Po (Bioko a yau, a ƙasar Equatorial Guinea). Yana cikin rukuni na 156 na jiragen saman yaƙin Birtaniya masu jefa bama-bamai. A daren 30 ga Maris, 1944, jirginsu ƙirar Lancaster ya tashi daga sansanin Upwood a Ingila ya nufi birnin Nuremberg, bai kuma dawo ba. Roƙona shi ne rundunarku ta ɗauke shi a matsayin nata, ta riƙa ambatonsa kowace shekara, kuma in za ta ambace shi, ta haɗa da abokan jirginsa.

Ni tsohon malamin tarihi ne, na yi shekaru ina koyar da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila. Abin da muka tashi muka sani game da rabonmu a wannan yaƙi shi ne labarin sojojin ƙasa da aka kai ƙasar Bama (Burma), can nahiyar Asiya. A unguwarmu akwai wani dattijo da ya je can ya dawo, yana ajiye lambobinsa a cikin wani tsohon gwangwanin taba, ƙyallensu ya koɗe har ba a gane launinsa, kuma ba ya fito da su sai an matsa masa. Daga bakin irinsa muka ji dajin Arakan da ruwan saman da ba ya ɗaukewa. Amma ko sau ɗaya ban taɓa gaya wa ɗalibaina cewa akwai 'yan Afirka ta Yamma a cikin jiragen da ke ratsa Turai da dare ba, domin ni kaina sai da na yi furfura na sani. Wannan laifina ne a matsayin malami, kuma yana cikin dalilan da suka sa na ɗauki alƙalami.

Ina neman izini in ɗan tsaya a kan wannan dare, domin ku da kuka san aikin sama za ku fi kowa gane nauyinsa.

Jirage 795 aka tura: Lancaster 572, Halifax 214, da Mosquito 9. Wata yana ɗan kwana shida, kuma bisa al'ada a irin wannan lokaci akan dakatar da hare-hare masu nisa, saboda farin wata abokin maharbi ne. Masu hasashen yanayi sun fara cewa za a sami gajimare a hanya da zai rufe jiragen, sa'an nan a tarar da sararin Nuremberg a buɗe. Da rana aka aika jirgin leƙen yanayi, ya dawo da labarin da ya saɓa wa haka, wato hanya fayau, birnin kuma a lulluɓe. Duk da wannan, shugaban rundunar jiragen bama-baman Birtaniya, Arthur Harris, bai soke harin ba. Hanyar da aka shata kuwa ta ƙunshi wata miƙaƙƙiyar tafiya daga kusa da Charleroi a Beljiyam har zuwa wajen Fulda a tsakiyar Jamus, fiye da kilomita 400 ba kwana ba lanƙwasa, kamar a ce daga Kano zuwa Abuja. Don Bennett, shugaban jiragen da ke shiga gaba su haska wa sauran wurin da za a jefa bam, ya ƙi amincewa da wannan hanya, ya nemi a yi mai karkace-karkace, amma aka rinjaye shi. Rukunin su Vivour yana ƙarƙashin Bennett ne, kuma waɗanda ke cikinsa sun yarda su yi fita 45 a zangonsu, alhali sauran 30 ake nema a wurinsu.

Miƙaƙƙiyar hanyar ta bi ta kusa da wurare biyu da jiragen farautar dare na Jamus ke taruwa su jira umarni, waɗanda suke kira Ida da Otto. Ga wata yana haskawa, ga kuma wani abu da ba a saba gani ba a tsayin da suke tafiya: hayaƙin injinan ya riƙa daskarewa yana barin dogon farin layi a bayan kowane jirgi, kamar an zana wa mafarauci hanya da alli. Jiragen Jamus da yawa suna ɗauke da bindigogi masu kallon sama, waɗanda suka yi wa laƙabi da Schräge Musik. Matuƙi zai lallaɓo ta ƙarƙashin cikin Lancaster, inda babu idon da ke ganinsa, ya saki wuta a fiffike wajen tankin mai, ya zame. Da yawa daga waɗanda aka harbo ba su san daga ina wutar ta zo ba. Wani matuƙin Jamus shi kaɗai, Martin Becker, an lissafa masa jirage bakwai a wannan dare. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa ba sai an duba taswira ba, gobarar jiragen da suka faɗi ita ce ta jera a ƙasa tana nuna hanya.

Jirage 82 suka faɗi tun a hanyar zuwa da kuma kewayen birnin. Da gari ya waye aka ƙirga 95 ba su dawo ba, kuma mutum 545 sun mutu, wato a dare guda an yi asarar da ta zarce ta matuƙan jiragen kare Birtaniya a dukan gumurzun sama na 1940. Rukuni na 156 ya rasa jirage huɗu. Abin takaicin kuma, harin bai yi aikin da aka tura shi ba. Iska ta kaɗa jiragen ta kauce da su daga hanya, kimanin 120 suka zubar da bama-bamansu a garin Schweinfurt suna zaton Nuremberg ce, da yawa daga sauran kuma suka zuba nasu a ƙauyuka da gonakin gabashin birnin. Rundunar jiragen bama-baman Birtaniya ba ta taɓa yin asara irin ta wannan dare ba a tsawon yaƙin.

Ranka ya daɗe, dalilin da ya sa na dage a kan a ambaci abokan jirginsa shi ne yadda irin wannan ƙungiya take haɗuwa da yadda take rayuwa. Mutum bakwai ne a Lancaster: matuƙi, mai kula da injina, mai duba taswira, mai saita bam, mai rediyo, da maharba biyu, ɗaya a doron jirgi, ɗaya a can jela. Ba hukuma ce ke haɗa su ba. A makarantar horo akan tara su a babbar rumfar jirage, a rufe ƙofa, a ce kowa ya nemi abokan tafiyarsa. Sai ka ga ɗan Kanada ya kalli ɗan Ostareliya ya ji hankalinsa ya kwanta da shi, su biyu su je su nemo maharbi. Ma'ana, a cikin ɗaruruwan samari fararen fata, a zamanin da sai a watan Oktoba na 1939 aka ɗage dokar da ta keɓe irin wannan matsayi ga tsatson Turawa zalla, akwai waɗanda suka dubi wani baƙin saurayi daga Legas suka yarda su ɗora ransu a hannunsa, shi ma ya ɗora nasa a hannunsu. Wanda ya yi maka wannan ya wuce abokin aiki, kuma ba daidai ba ne mu ciro ɗanmu daga cikinsu mu bar su a baya kamar ba mu san su ba.

Rayuwarsu ta kasance ta sa'o'i bakwai ko takwas a cikin duhu da ƙarar injina huɗu, cikin sanyin da kan kai maki 40 ƙasa da sifiri, har fatar hannu takan manne a ƙarfe in mutum ya kuskura ya cire safar hannu. Maharbin jela yakan cire gilashin gabansa don ya fi gani sosai, ya zauna shi kaɗai a cikin wannan iska, ba abin da ke haɗa shi da sauran sai muryar da ke zuwa masa ta waya a kunne. Kafin a tashi akan ba su ƙwai, abin da farar hula ke samu da ƙyar a lokacin, har ya zama abin barkwanci a tsakaninsu mutum ya tambayi abokinsa ko zai bar masa nasa ƙwan na safe idan bai dawo ba. In jirgi ya kama wuta, ƙofar tsira da ke ƙasan hancinsa faɗinta bai kai santimita 60 ba, ga mutum sanye da kaya masu kauri da laimar sauka, ga jirgi yana juyawa yana faɗuwa. Shi ya sa a cikin waɗanda aka harbo a Lancaster kimanin 15 cikin 100 ne kawai ke fita da rai. A sansani kuwa akwai allo da ake rubuta lokacin tashin kowane jirgi da lokacin saukarsa. Idan aka jira har man da ke tankinsa ya isa ƙarewa, sai a bar gurbin sauka ba komai, a aika a kwashe kayansu daga ɗaki kafin hantsi, a gyara gadajen domin sababbin zuwa, a aika wa iyaye telegiram.

Mutum kusan 125,000 ne suka yi wannan aiki, dukansu da son ransu suka shiga, kuma 55,573 daga cikinsu suka mutu. Vivour ba shi kaɗai ba ne daga yankinmu. Akwai Akin Shenbanjo, ɗan Nijeriya mai rediyo a jirgin Halifax, wanda ya kammala zangonsa da rai har aka ba shi lambar bajinta. Akwai Johnny Smythe na Saliyo, mai duba taswira, da aka harbo a Nuwamban 1943, ya yi zaman fursuna a Jamus har ƙarshen yaƙi, daga baya ya zama babban lauyan gwamnati a ƙasarsu. Waɗannan sun rayu sun ba da labarinsu da bakinsu, shi kuwa Vivour bai sami wannan dama ba.

Na san za a ce, me ya haɗa wannan da rundunar da aka kafa a 1964? Ya yi yaƙi ne a ƙarƙashin tutar Sarkin Ingila, ƙasarsa tana hannun 'yan mulkin mallaka, kuma rigimar ta Turawa ce. Ban raina wannan magana ba. Sai dai ranar tunawa da mazan jiya da muke yi kowace 15 ga Janairu, tun asalinta ta haɗa da waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, kuma dattijon unguwarmu mai gwangwanin lambobi shi ma a ƙarƙashin wannan tuta ya je Bama, ba wanda ya ce don haka a cire shi daga lissafi.

Akwai kuma wata alaƙa da ta fi wannan kusa, wadda ke cikin tarihin rundunarku kanta. Lokacin da Nijeriya ta tashi kafa sojin sama, Jamus ta Yamma ce ta turo tawagar da ta yi aikin horarwa, kuma shugabanninku biyu na farko Jamusawa ne: Kanar Gerhard Kahtz, sa'an nan Kanar Wolfgang Thimmig, wanda ya riƙe kujerar daga ƙarshen 1965 zuwa farkon 1966, kafin George Kurubo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau ta. Shi Thimmig a lokacin yaƙi matuƙin jirgin farautar dare ne, har ya shugabanci rundunar irin waɗannan jirage, kuma an lissafa masa fiye da jirage 20 da ya kakkaɓo, kusan dukansu da dare. Ba ina ɗora masa jinin Vivour ba ne, kada a yi mini mummunar fahimta. Abin da nake nunawa shi ne, sana'ar da ya ƙware a kai ita ce farautar jirage irin wanda ɗan Legas ɗin nan ya mutu a ciki, kuma bayan shekara 21 sai ga shi yana shugabantar samarin Nijeriya masu koyon tuƙin jirgin yaƙi. Duk mai karanta jerin shugabanninku zai ga sunan Thimmig a layi na biyu, kuma daidai ne ya gan shi, domin ya yi muku aiki. Ina ganin rundunar da ta adana sunan mafarauci a tarihinta ba za ta rasa wurin da za ta rubuta sunan ɗan ƙasarta da aka farauta ba.

Ba zan ɓoye muku ɓangaren da ke da ɗaci ba. Waɗannan jirage birane suke ƙonawa, kuma mafi yawan waɗanda ke ƙasa mata ne da yara da tsofaffi. A Hamburg kaɗai, a Yulin 1943, mutanen da suka halaka sun doshi 40,000, sa'an nan ga Dresden a Fabrairun 1945. Ko a daren Nuremberg da aka ce harin ya ci tura, mutum 69 ne suka mutu a birnin da ƙauyukan kewaye, kowannensu da masu kukansa. Saboda wannan nauyi ne Birtaniya ta daɗe tana kawar da kai daga samarin da ita ta aika. Firaminista Churchill bai yaba wa aikinsu ba a jawabinsa na nasara, ba a buga musu lamba tasu ta musamman ba, kuma sai a Yunin 2012 aka buɗe musu wurin tunawa a Green Park da ke Landan, lokacin da yawancin waɗanda suka tsira sun riga sun kwanta dama. A ganina an yi kuskure a nan, domin an bar waɗanda suka tsara manufar sun mutu da girmansu, an ɗora kunyar a kan 'yan shekara ashirin da ba su da ta cewa a kan inda za a tura su. Amma da aka zo ginin, an yi abu ɗaya da ya burge ni. A ciki akwai mutum-mutumin tagulla na mutum bakwai, sun dawo a gajiye, wasunsu na duban sama suna neman jiragen da ba su iso ba. A jikin bangon kuma an rubuta cewa wurin yana tunawa har da mutanen kowace ƙasa da ruwan bama-baman ya kashe daga 1939 zuwa 1945.

Wannan darasi bai yi mana nisa ba. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin rundunarku ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira da ke Rann a Jihar Borno, mutane da yawa suka mutu har da ma'aikatan agaji, kuma hukumomin soja suka amsa cewa kuskure ne. Ban kawo wannan don in fama tsohon ciwo ba. Na kawo shi ne domin matashin hafsa da za a ba wa jirgi da bam ya kamata tun yana makaranta ya saba da riƙe abu biyu a zuciyarsa lokaci guda, girmama wanda ya tashi bai dawo ba da kuma tuna wanda ke ƙasa. Labarin Nuremberg ya dace da wannan koyarwa ƙwarai, domin ya yi nisa har ana iya tattauna shi ba tare da an ji ana zargin kowa a cikin ɗakin ba, ga shi kuma cike da abin da ya shafi aikinku kai tsaye: shugaban da aka kawo wa sabon rahoton yanayi bai sauya shawara ba, ƙwararren da ya yi gargaɗi aka rinjaye shi, da makamin abokin gaba da aka yi watanni ana mutuwa a kansa ba a gane shi ba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Sunayen mutanen jirgin su Vivour suna nan a kundin ayyukan rukuni na 156 da ke ma'ajiyar tarihin Birtaniya a Kew, waɗanda suka mutu kuma suna cikin rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, tare da inda aka binne kowa. A garin Lincoln na Ingila akwai cibiyar da aka buɗe a 2018 domin tarihin rundunar jiragen bama-baman, mai dogon ginshiƙi na mita 31, daidai faɗin fikafikan Lancaster, kewaye da bangayen ƙarfe masu ɗauke da suna kusan 58,000. Wasiƙa ɗaya daga ofishinku, ko ziyara ɗaya ta jami'in sojanmu da ke ofishin jakadanci a Landan, ta isa a tattaro komai. In an samo, a sassaƙa sunayen bakwai a allon dutse ko na tagulla, kowanne da aikinsa a jirgi da ƙasarsa, a kafa a sansaninku na Kaduna inda ɗalibai masu koyon tuƙi ke wucewa kullum, a ƙara layi ɗaya a ƙasa domin mutanen da bama-baman wannan dare suka faɗa wa. A nemi zuriyar gidan Vivour a gayyace su, domin haƙƙinsu ne kafin na kowa. Ina kuma roƙon a rubuta taƙaitaccen labarin da Hausa da Yarabanci da Ibo, ba da Turanci kaɗai ba, saboda kurtun da ke gadin ƙofar sansanin shi ma ya san ko su wane ne a jikin allon.

Game da rana kuwa, ba sai an ƙirƙiro wata sabuwa ba. Jiragen Nuremberg sun tashi a daren 30 ga wata, amma mafi yawan waɗanda aka harbo bayan sha biyun dare suka faɗi, don haka 31 ga Maris ce ranar rasuwar da aka rubuta wa yawancinsu, har da Vivour. A ranar 31 ga Maris, 2021, jirginku ƙirar Alpha Jet ya ɓace a Jihar Borno da matuƙa biyu a ciki, suna tallafa wa sojojin ƙasa, kuma sai bayan kusan shekara guda aka gano tarkacensa a dajin Sambisa. Iyalan waɗannan hafsoshi biyu sun ɗanɗani irin jiran da aka yi a wani gida a Legas a 1944. Idan rundunar ta tsaya a wannan rana domin nata biyun, ina roƙon mai karanta sunaye ya ci gaba da karatu har ya kai ga na mutanen jirgin Lancaster na rukuni na 156.

Allah Ya ja zamaninka, Ya mayar da kowane jirgi naku sansaninsa lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin tarihi, daga Kaduna.